Kurakuran da ake yi wajen auna kamfanin abinci mai saurin buɗe rassa

Da an ga kamfanin abinci yana buɗe reshe a kowace kwana sai a ce harka ta karɓe shi. Kuskuren farko ke nan. Jimillar ciniki dole ta ƙaru idan shaguna sun ƙaru, ko da kowane shago faɗuwa yake yi. Cinikin rassan da suka haura shekara guda shi ake dubawa: na bana ya fi na bara, ko ya ja baya?

Starbucks, kamfanin shagunan kofi na Amurka, ya faɗa wannan rami. Ta kai a wasu biranen Amurka kana ƙofar shagonsu kana hango wani nasu a tsallaken titi. Masu shan kofin ba su ƙaru ba, rabuwa suka yi gida biyu, kuɗin haya da albashi kuwa suka ninka. A 2008 Howard Schultz ya dawo shugabanci, aka sanar da rufe shaguna kusan 600. Kafin a kafa sabon reshe, a fara tambayar daga ina masu sayensa za su fito.

Kuskuren da ya fi ɓoyuwa shi ne rashin bin sawun ribar. Boston Chicken, kamfanin gasassun kaji na Amurka, ya haura shaguna 1,000, littafinsa na nuna riba, alhali shi yake ranta wa 'yan kasuwar da ke buɗe rassan da sunansa kuɗi, sannan ya lissafa kuɗin ruwa da na amfani da sunansa a matsayin samu. Kajin da ake gasawa ba sa biyan kansu. Ya durƙushe a 1998. Don haka littafin mai reshe za a nema, na hedikwata ya iya kwalliya.

Sai ma'aikata. Gini da fenti watanni kaɗan ne, amma manajan kirki da mai girki sai an raine su. A Fabrairun 2008 Starbucks ya rufe shagunansa na Amurka wajen 7,100 na 'yan sa'o'i don sake koya wa ma'aikata haɗa kofi.

Wasu kuma sukan wuce gona da iri, su ɗauka saurin kansa ne cutar. Luckin Coffee na ƙasar Sin an kama shi da cinikin bogi a 2020, aka cire shi daga kasuwar hannun jari ta Nasdaq. Ya sauya shugabanni, ya ci gaba da buɗe rassa da gudu, yau ya fi Starbucks yawan shaguna a Sin.