Yadda Ake Amfani Da Mayukan Duhunta Fata Ba Tare Da An Cutar Da Jiki Ba

Kusan dukkan mayukan da ake shafawa ko fesawa domin fata ta yi duhu ba tare da an shiga rana ba, sinadari ɗaya ne ke yin aikin a cikinsu, wato DHA, wani nau'in sukari da ake samarwa daga tsirrai. Idan ya taɓa fata, yana haɗuwa da furotin ɗin matattun ƙwayoyin da ke saman fata, sai launin ruwan ƙasa ya bayyana, kamar dai yadda bayan burodi ke yin ja a cikin tanda. Launin yana fara fitowa bayan awa biyu zuwa huɗu, sannan ya dushe cikin mako guda ko makamancin haka, yayin da saman fatar ke saɓulewa. Masu fama da ciwon nan da ke sa fata ta yi dabbare-dabbaren fari ma sukan yi amfani da shi domin daidaita launin jikinsu.

Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta amince da DHA tun a shekarar 1977, amma da sharaɗin cewa a bayan fata kawai za a shafa shi. Kwamitin masana na Tarayyar Turai kuwa ya ce ba shi da illa a man shafawa muddin bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Don haka, mataki na farko shi ne ka karanta jikin kwalbar, ka zaɓi wanda sinadarin bai yi yawa a cikinsa ba, sannan ka gwada a ɗan wuri kaɗan a dantse, ka jira kwana guda ka ga ko zai jawo ƙaiƙayi ko ƙuraje. Kada a shafa a kan rauni, ko fatar da ta tsage, ko wadda aka aske yanzu-yanzu.

Inda ya fi kamata a yi hattara shi ne wajen feshi. Amincewar da aka yi wa sinadarin ba ta haɗa da shaƙarsa ba, haka kuma ba ta haɗa da idanu, da leɓɓa, da cikin hanci ba, domin fatar waɗannan wurare sirirriya ce, ba ta da kariyar matattun ƙwayoyi irin ta sauran jiki. Wanda zai shiga ɗakin feshi ya nemi abin rufe idanu da matoshin hanci, ya shafa man leɓe mai kauri, ya kuma tabbatar iska na shiga tana fita a wurin. A ganina, mai ciwon asma da mace mai juna biyu gara su haƙura da feshi gaba ɗaya. Idan sun zaɓi na shafawa, su fara tuntuɓar likita.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗaukar wannan duhun a matsayin garkuwa daga rana. Launin da DHA ke bayarwa rini ne kawai, kariyarsa daga hasken rana mai ƙona fata ba ta taka kara ta karya ba. Hasali ma, wani bincike da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa fatar da aka shafa wa sinadarin ta fi saurin samar da abubuwan da ke lalata ƙwayoyinta idan rana ta buge ta jim kaɗan bayan shafawa. Shi ya sa ya fi kyau a shafa da dare, a wanke hannu sosai, a guji rana mai zafi washegari, sannan a ci gaba da amfani da man kariya daga rana kamar kullum.

Ƙwayoyin haɗiya da allurai da ake tallatawa da sunan duhunta fata wani abu ne daban, kuma a nisance su: hukumar ta Amurka ba ta amince da su don wannan aiki ba, kuma sinadarin da ke cikin wasu ƙwayoyin yakan taru a cikin ido.