Kurakuran masu haɗa tumaki da shanu a garke ɗaya

Duk ƙarshen damina sai an samu wani a Mai Wurno ko ƙauyukan Gadarif, a ƙasar Sudan, ya sayar da dawarsa, ya sayo tumaki ya zuba cikin shanun gidansu, bayan 'yan watanni ya dawo yana cewa kiwon tunkiya ba sa'arsa ba ce. Na gaji da jin wannan magana.

Babban abin da ke kashe tumakin shi ne cin abinci a komi ɗaya da shanu. Haɗaɗɗen abincin buhu da gishirin lasa da ake yi wa shanun madara, ana ƙara musu sinadarin jan ƙarfe, domin saniya na buƙatarsa da yawa. Tunkiya kuwa jikinta ba ya iya fitar da shi, sai ya yi ta taruwa a hanta, wata da watanni, tana ci tana ƙiba kana murna. Ranar da aka kora ta tafiya mai nisa ko aka ɗora ta a mota, sai ya fashe cikin jini. Ni a raguna na gani, waɗanda na turke don kasuwar layya. Da safe sun ƙi dusa, fatar ido ta yi ɗorawa kamar mai shawara, fitsari ja-ja-wur, kafin washegari an fara jan gawa. Maƙwabta suka ce sammu ne. Da likitan dabbobi ya zo, buhun abincin kawai ya nema ya duba. Malam, in an rubuta na shanu a jikin buhu, to na shanu ne! Tun daga nan komin tumakina daban yake, an kewaye shi da kara, harawa da dusa da ɗan tunkuzar gyaɗa kawai nake zubawa.

A nisantar da 'yan tumaki masu tasowa daga shanu. Akwai cutar da tunkiya ke ɗauke da ita lafiya lau, amma in ta kama saniya sai zazzaɓi, ido ya yi fari, hanci ya toshe, kuma da wuya ta tashi.

Kada a saki dabba kan gyauron dawa ko sabon tohon Abu Saba'in, wato dawar da ake shukawa don abincin dabbobi, yana da guba. Kada a yi kiwo a bakin magudanan ban-ruwa na gonakin Jazira ba tare da maganin tsutsar hanta ba.

Sai ƙungiyar masu tumaki, inda raina ya fi ɓaci. Mutum zai biya kuɗin shiga, ya karɓi kati, ba a sake ganinsa sai ranar da aka ce dillalan Sawakin, tashar jiragen ruwa da ake fitar da dabbobi waje, sun iso. To ƙungiyar masu tumaki ba adashi ba ce. Kwalbar rigakafin PPR, annobar tumaki da awaki, ta dabbobi masu yawa ce, kuma da an haɗa ta da ruwa dole a ƙarar da ita cikin 'yan awoyi, shi ya sa ake tara garkuna rana ɗaya. Cutar nan ba baƙuwa ba ce, tun 1971 aka gan ta a yankin Gadarif. Wanda ya ƙi kawo tumakinsa, ko ya ɓoye mai majina da zawo don kada a ce garkensa ya kamu, ya cuci duk wanda yake shayarwa a rijiya ɗaya da shi. Haba Alhaji, kunyar me?

Ragon ƙungiya ma haka. In an aro shi, ni sai ya yi mako uku a turke shi kaɗai kafin ya shiga tumakina. Wasu na cewa na cika tsanani, su ce. Kuma kada a bar rago ya haye 'ya'yansa, a musanya shi.

Masu ɗokin tumaki irin Hamari na Kurdufan saboda farashinsa a Saudiyya, ku tuna tunkiyar yashi ce. A baƙar laka irin ta Sinnar, tunkiya irin Watish ta fi ta jure damina.