Darasi na 9: Yawan Mantuwa da Saurin Fushi

Mutum ɗaya ya karanta wannan labari a bayyane, sauran ku bi shi da yatsa.

Wani tela ne a Fagge, hannunsa na da kyau ƙwarai, amma shagonsa cike yake da rigunan da aka yanka ba a haɗa ba. Zai ɗora ƙafa a kan keke, wani ya yi sallama, shi ke nan hira ta ɗauke shi har azahar. Almakashi kuwa sai ya neme shi sau biyar a rana, alhali yana ƙarƙashin yadin da ke gabansa. Ranar jajiberin Sallah wata mata ta zo karɓar kayan 'ya'yanta, ta tarar ko yankawa bai yi ba. Da ya koma gida, uwargida ta ce, "Sannu da zuwa Malam, ina kajin da ka ce za ka taho da su?" Ba ta rufe baki ba ya hau ta da faɗa, ya bugo ƙofa ya fita. Bai kai bakin layi ba ya huce, kunya ta kama shi.

A unguwa za a ce shiririta ce ko rashin tarbiyya, wasu ma su ce iska ce ko sammu. Likitoci kuwa suna da suna ga irin wannan hali idan ya daɗe kuma yana ɓata wa mutum sana'a da zaman gida. Suna kiran sa ADHD, wato larurar ƙarancin natsuwa. Ba sabon abu ba ne, tun 1902 wani likitan yara a Landan mai suna George Still ya yi bayani a kan yara masu irin wannan hali. Alamunta suna fitowa kafin shekara 12, tana kuma bin jini. Cikin manya 100 ana samun kamar 2 zuwa 3 masu ita. Tana da alaƙa da yadda ƙwaƙwalwa ke amfani da wani sinadari mai suna dofamin, wanda ke taimaka wa mutum ya tsaya a kan abu ɗaya, ya kuma dakata kafin ya aikata. Shi ya sa fushi ke shigowa cikin maganar: tsakanin jin zafi da furta kalma akwai ɗan tsaiko, na mai wannan larura gajere ne ƙwarai. Mata da yawa ba sa hayaniya, tasu takan fito ne a ƙonewar miya da mance saƙo, sai a yi ta yi musu gori.

Amma ba duk mai mantuwa ke da ita ba. Rashin barci, damuwa da shaye-shaye duk suna kawo haka, kuma likita ne kaɗai zai tantance.

To, ga inda karatun da kuke yi zai yi muku rana. Abin da kai ba ya riƙewa, takarda tana riƙewa. Ka sayi ƙaramin littafi da zai shiga aljihun riga. Bayan sallar asuba ka rubuta aiki uku kacal, kada ka ƙara, domin mai rubuta goma ba ya yin ko ɗaya. Ka ɗaura kowane aiki da lokacin salla: kaza kafin azahar, kaza kafin la'asar. Da telan nan ya rubuta "kaji" ya sa wayarsa ta yi ƙara da la'asar, da an kwana lafiya a gidan. Kada ka damu idan rubutunka bai miƙe ba, kai kaɗai za ka karanta. Mukulli da almakashi kuma a kafa musu ƙusa ɗaya, nan ne gidansu.

Shi kuwa fushi, Annabi (SAW) ya koyar cewa wanda ya fusata yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Dabarar ita ce samar da tsaikon nan da ya yi ƙaranci. Miji da mata su yi yarjejeniya tun lokacin da ake zaman lafiya: duk wanda ya ji zuciya ta taso ya ce, "Bari in yi alwala in dawo." Sharaɗin shi ne a dawo ɗin a ƙarasa maganar, ba a wuce majalisa ba. Mai zama da irin wannan mutum kuma ya riƙa faɗa masa abu ɗaya a lokaci ɗaya, ba yana shigowa da gajiya ba. Ni dai a ganina larura tana bayyana dalilin hali, amma ba ta halatta zagi ko duka, kuma wanda ya ɓata wa iyalinsa rai bayar da haƙuri na kansa.

A nan Kano ana ganin likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da kuma asibitin Dawanau. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace, kuma bai hana shi addu'a ba. Ka tafi da wanda ya san ka tun kana yaro, domin za a yi tambaya a kan yarintarka. Maganin da aka fi bayarwa shi ne methylphenidate, yana aiki da wuri, sai dai yakan rage cin abinci, ya hana barci, ya ɗan ɗaga bugun zuciya, don haka ake auna hawan jini. Akwai kuma atomoxetine, wanda sai ya yi makonni kafin a ga amfaninsa. Ana haɗawa da zaman tattaunawa da ƙwararre, inda ake koyon tsara rana da danne zuciya. Kada ka saya a kemis da kanka, kada kuma ka nemi natsuwa a tiramol ko kodin. Illar kodin ce ta sa gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai ɗauke da shi a 2018.

Aikin gida: rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku: natsuwa, larura, tsaiko, yarjejeniya. Sannan ka rubuta ayyuka uku da za ka yi gobe, ka sa lokacin salla a gefen kowanne. Ka zo da littafin a aji na gaba, za mu duba wanda aka yi da wanda ya rage.