Yadda ake sa wa tikitin JWT hannu da RS256, da yadda ake tantance shi

A ce kana haɗa wa 'yan Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi manhajar oda: saba (kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta) ɗaya ke ba da tikitin shiga, wato JWT, uku suna karɓa. HS256 da RS256 hanyoyi ne biyu na sa wa tikitin hannu. Da HS256 dole duka huɗun su riƙe sirri ɗaya, wanda ya fasa ɗaya kuwa ya samu damar buga tikitin bogi. Da RS256 mai bayarwa kaɗai ke riƙe makullin sirri, sauran kuma makullin fili, wanda tantance sa hannu kawai yake yi, ya ishe su.

Fara da ƙera makullan, kada ya gaza bit 2048:

openssl genpkey -algorithm RSA -pkeyopt rsa_keygen_bits:2048 -out sirri.pem
openssl pkey -in sirri.pem -pubout -out fili.pem

Yi wa sirri.pem chmod 600 don mai fayil ɗin kaɗai ya iya buɗe shi, kuma kada ya taɓa shiga Git, ma'ajiyar kod.

Tikitin kashi uku ne da ɗigo a tsakani: kai, ciki, sa hannu. A kai ka sa alg (hanyar sa hannu) da kid (lambar shaidar makulli), a ciki iss (mai bayarwa), aud (mai karɓa), sub (mai tikitin) da exp (lokacin ƙarewa). Minti 15 ya wadatar a matsayin tsawon ran tikitin. Cikin ba a ɓoye yake ba, base64url ne kawai, wato sauya siffar rubutu, kowa na iya karantawa, don haka babu BVN ko lambar waya.

Wajen tantancewa aka fi yin ɓarna. Kada ka bar tikitin ya faɗa maka alg ɗinsa; rubuta RS256 a cikin kod ɗinka, ka ƙi duk wani. In ba haka ba, maharin zai sauya shi zuwa HS256, ya sa hannu da makullinka na fili, wanda dama kowa na da shi, laburaren kod mai sakaci kuma ya karɓa. Haka ma alg ɗin none, wato tikitin da ba shi da sa hannu. Bayan sa hannu ya inganta, duba iss da aud, don kada tikitin wata manhaja ya buɗe taka.

Sai agogo. Ana lissafa exp da daƙiƙoƙi tun 1970 a lokacin UTC, agogon bai-ɗaya na duniya, mu kuma Kaduna muna gaba da awa ɗaya. Wanda ya cusa lokacin gida ya ƙara wa tikitin rai na awa guda. Sabar ofis da batirin agogonta ya mutu takan tashi da lokacin banza bayan an ɗauke wuta. Kunna NTP, mai daidaita agogo ta intanet, ka ba da rangwamen daƙiƙa 60.

Ranar sauya makulli, fara wallafa sabon na fili a JWKS, jerin makullan fili da masu karɓa ke dubawa, da sabon kid, ka bar tsohon har tikitinsa na ƙarshe ya ƙare.