Yadda za ka shirya ranar tunawa da mahaifinka a ƙungiyar harbin kaboyi

A Amurka akwai wasan harbi da ake yi cikin shigar kaboyi, irin wadda muka saba gani a tsofaffin finafinai: malafa mai faɗi, takalmi mai dogon wuya, ɗamara da libarba biyu a ƙugu. Ya samo asali ne a kudancin Kalifoniya a farkon shekarun 1980, a 1987 kuma aka kafa Single Action Shooting Society, wato SASS, mai tsara masa dokoki. Akasarin masu yinsa dattawa ne, har an ware rukunin 'yan shekara 70 da na 75 da na 80, saboda haka rashi ba baƙon abu ba ne a wajensu. Sun san yadda ake karɓar ɗan mamaci. Ɗan mamacin ne sau da yawa bai san yadda ake zuwa ba. Sai ka gan shi da jawabi shafi uku, da bindigogin uban da ya ciro daga akwati daren jiya, da kwalin harsashin da ba wanda ya san abin da ke ciki. A ƙarshe tsofaffi sun gaji da tsayuwa a rana, shi kuma an fitar da shi daga gasa tun a zangon farko, wato sashen farko cikin sassan harbin da ake raba gasar. Ga yadda za ka kauce wa wannan.

Ka fara da laƙabinsa

Kowane ɗan SASS yana da laƙabin da ya yi wa rajista da lambar bajonsa, kuma da laƙabin ake kiransa a fili, da shi ake rubuta sakamakon gasa. Akwai mutanen da suka yi shekara ashirin suna harbi kafaɗa da kafaɗa da mahaifinka amma ba su san sunan yankansa ba. In ka buga waya ka ambaci sunan da ke kan fasfo ɗinsa, za a ce ba a san shi ba. Nemo bajon tukuna, yawanci yana maƙale a jikin falmaran ko cikin amalanken da yake tura bindigogi. Da laƙabin da lambar za ka tunkari daraktan gasar ƙungiyarsa ta gida, kuma ka ba shi aƙalla wata biyu, don ana rubuta zangunan gasar wata-wata tun kafin ranar.

Kada ka nemi a yi abin a babbar gasa irin End of Trail. Can mutane ɗaruruwa ne, jadawali a matse, kuma mafi yawansu ba su taɓa ganinsa ba. Gasar wata-wata ta ƙungiyarsa, inda ake yin zango biyar ko shida a watse bayan abincin rana, nan ne mutanensa suke.

In kana son ka gaji laƙabin, ka sani dokar SASS ba ta yarda suna biyu su yi kama a kunne ba, kuma ba ta karɓar ƙarin "na biyu" a bayan sunan wani. Ka gina naka daga garinsu ko sana'arsa.

Bindigogin da harsashin

Kafin komai, doka. Gadon bindiga ya bambanta daga jiha zuwa jiha, Kalifoniya da Niyok sun fi tsanani, don haka ka tambayi dillali mai lasisi kafin ka ɗora ko guda a mota ka tsallaka iyaka. In kuwa da bizar ziyara ka shigo Amurka, dokar tarayya ta hana ka riƙe bindiga sai da togaciya, kamar lasisin farauta. Ka warware wannan tun kana gida.

Kayan wasan huɗu ne: libarba biyu waɗanda sai an ja hama da yatsa kafin kowane harbi, doguwar bindiga mai liba irin samfurin Winchester 1873 ko Marlin 1894, da bindigar farauta, ko dai mai baki biyu ko Winchester 1897. Duka huɗun ka kai wa maƙerin bindiga ya duba. Dalili shi ne 'yan gasa suna sa a sassauta musu kunama a rage tafiyar liba don sauri, bindigar da ta saba da hannun mahaifinka za ta iya tashi a naka tun ba ka shirya ba. In baƙin albarushi yake amfani da shi, a leƙa cikin bututun, domin dattinsa yana jan danshi ya ci ƙarfe, kuma wataƙila ba a wanke ta ba tun gasarsa ta ƙarshe. In akwai tsohuwa ta asali ta ƙarni na 19, musamman mai bututun Damaskas, wannan ta kallo ce, kada harsashin zamani ya shige ta.

Harsashin da ya ɗura wa albarushi da hannunsa kuwa, kada ka harba ko ɗaya. Na san wannan yana da ciwo, don mutum yana jin kamar hannun uban ne ke ciki. Amma ɗurin kaboyi albarushi kaɗan ne cikin babban kwanso, musamman a harsashi samfurin .45 Colt, ana iya zuba awo biyu ido bai gani ba, ana kuma iya mantawa a bar shi wayam. Na farko yana fasa bindiga. Na biyu yana barin dalma a maƙale a bututu, harbi na gaba ya same ta a can. Mutumin da ciwo ya ci ƙarfinsa a watanninsa na ƙarshe ba lallai ya ɗura kamar yadda ya saba ba. Ka bar abokansa masu ɗuri su warware su ɗaya bayan ɗaya, ka ajiye kwanson. Sayi sabo na kamfani, na dalma zalla, wanda aka rubuta na kaboyi ne. Zango shida zai ci harsashi 120 na libarba da doguwa, da kamar 30 na bindigar farauta. In .38 Special yake harbawa ka huta, ya fi .45 araha nesa ba kusa ba.

Zangon tunawa, inda aka fi yin ɓarna

A wannan wasa ba a jawabi ake tuna mutum ba, a zango ake tuna shi. Kowane zango yana da ɗan labarin da jagoran ayari, wato gungun masu harbin da ke zagaya zanguna tare, yake karantawa, da jumlar da mai harbi zai faɗa don nuna ya shirya kafin na'urar ƙidayar lokaci ta yi ƙara. Wannan jumla ita ce dukiyarka. In mutum arba'in suka zo, sau arba'in za a furta ta da ƙarfi, kowa da muryarsa. Ka zaɓi abin da mahaifinka yake yawan faɗa da gaske, wanda abokansa za su gane tun ba a ƙarasa ba: ƙorafinsa kan kofi mai sanyi, ko abin da yake cewa duk lokacin da ya kuskure faranti, wato faifan ƙarfen da ake harbi. Kalma huɗu zuwa bakwai ta isa. Kada ka sa jumlar bankwana mai sa kuka. Mutum zai furta ta ne hannunsa na dab da bindiga mai harsashi, ba a son idonsa ya cika da hawaye a wannan daƙiƙar. Labarin kuma kada ya wuce jumla biyar, ya zama abin da ya taɓa faruwa, a saka masa rigar kaboyi kawai.

Sai tsarin harbi. Ma'aunin da aka saba shi ne goma na libarba, goma na doguwa, huɗu ko fiye na bindigar farauta. Kuskuren faranti ɗaya daƙiƙa biyar ne, saɓa tsari daƙiƙa goma. Masu makoki suna da wata ɗabi'a ta cusa ma'ana cikin kowane harbi: ranar haihuwarsa, yawan jikokinsa, lambar bajonsa, duk a jere ɗaya. Sakamakon shi ne rabin ayari ya sha hukuncin saɓa tsari, masu ƙirga kuskure su uku su kaure da musu, abin da za a riƙa tunawa da ranar ke nan. Ka'idata ita ce, tsarin da ba za a iya bayyana shi da numfashi ɗaya ba, a jefar da shi.

Mafi aminci shi ne sharar Nebada a kan faranti huɗu: 1, 2, 3, 4, 3, 2, 1, 2, 3, 4. Goma cif, kowa ya san ta. A yi ta da libarba, a maimaita da doguwa. Ko kuma mai hawa: ɗaya a faranti na farko, biyu a na biyu, uku a na uku, huɗu a na huɗu. In ka nace sai shekarar haihuwarsa ta shiga, lissafi ne zai yanke hukunci. Lambobin 1 da 9 sun riga sun cinye goman libarba, saura biyun dole su haɗu su ba da goma na doguwa. Wanda aka haifa a 1937, 1946, 1955 ko 1964, abin ya zauna daram: misali 1946, ɗaya da tara da libarba, huɗu da shida da doguwa. In shekararsa ba ta cikin irin waɗannan, kada ka tilasta, ka rubuta ta a allo ka rataye.

Abu uku da sababbi ke mantawa. Kada doguwar bindiga ta zama ta ƙarshe, domin na'urar lokaci ƙara take saurare, kuma ba koyaushe take kama ƙarar doguwa mai sassauƙan ɗuri ba. A rufe da bindigar farauta. Faranti su zama manya kuma kusa, littafin dokoki ya ba da shawarar yadi 7 zuwa 10 ga libarba, daga 13 ga doguwa, kuma a irin wannan rana gefen kusa za ka bi, don kowane tsoho ya tashi da zango mai tsabta. Sannan a rage gudu tsakanin wuraren tsayuwa. Sa'o'in mahaifinka ne za su harba, wasu da sanda suke tafiya, wuri biyu ya wadatar.

In da hannu ɗaya yake harbi, ko da libarba biyu lokaci guda, kada ka wajabta wa kowa salonsa. Kowane rukuni da dokarsa, kuma salon bindiga biyu ba na sabon shiga ba ne ko kaɗan, har da kai.

Wani kuskuren da kyakkyawar niyya ke haifarwa shi ne a kai faranti wajen mai walda a rubuta sunan mamaci a fuskarsa, ko a huda shi. Fuskar faranti dole ta zama sumul, duk wani tudu ko rami yana dawo da ɓarɓashin dalma kan mutane. Sunan ya tafi jikin katakon adon zangon, ƙofar shagon ko bangon bankin da aka kafa. Fenti da allon katako sun fi arha ma. Malafarsa da ɗamararsa a rataye su a bayan layin harbi, inda mutane za su iya taɓawa, kuben kuma wayam.

Kai kanka a ranar

In ba ka taɓa yin gasa ba, ka halarci guda ɗaya ko biyu kafin ranar, ka bi ta horon sababbi. Harsashi biyar ake sa wa kowace libarba, hama a kan ramin da ba komai. A teburin ɗuri ake ɗura libarba da doguwa, a teburin saukewa ake nuna an sauke. Bakin bindiga ba ya fita daga digiri 170 na gaba, in ya fita an soke maka zangon. In bindiga mai harsashi ta faɗi ƙasa, an soke maka gasar gaba ɗaya. Ba za a ɗaga maka ƙafa don kana makoki ba, kuma mahaifinka ma da yana riƙe da na'urar ba zai ɗaga ba. Ka roƙi a sa zangon tunawa ya zama na uku ko na huɗu a ayarinku, lokacin hannunka ya natsu. Ka harba a hankali. In ka ji ƙirjinka ya cika, ka ce a wuce ka, ka koma tsintar kwanso ko tayar da faranti. Aikin ayari ma shiga wasa ne.

Magana a gaban jama'a wurinta taron tsaro na safe, minti biyu. Laƙabinsa, lambarsa, shekarar da ya fara, labari ɗaya, godiya. A cire malafa a yi shiru. In addu'a kake so a yi masa bisa addininsa, ka faɗa wa darakta tun farko, a ware mata lokaci kafin a fara ko bayan an mayar da bindigogi mota.

Tattara labaran

Lokacin abincin rana ake samun su, ba a bakin layi ba, kuma kada ka tsare mai kula da teburin saukewa da hira. Kada ka ce "me kake tunawa da shi", za a ce maka mutumin kirki ne, shi ke nan. Ka tambayi wa ya fara ara masa bindiga, wa shi ya ara wa, wane zango ne yake ƙi, yaushe ya fara gama gasa ba kuskure ko ɗaya. Ka nemi izini ka ɗauki murya a waya, ka rubuta laƙabin mai maganar nan take, don bayan mako guda fuskokin za su cakuɗe maka. Magatakardan ƙungiya yana da tsofaffin takardun maki da hotuna, ka nemi kwafi. Daga cikin abin da ka tara ka tsamo sakin layi uku da hoto ɗaya cikin shigarsa ka aika wa Cowboy Chronicle, mujallar SASS, tana buga ta'aziyyar 'yan ƙungiya.

Kayan da ba za ka yi amfani da su ba, amalanke da na'urar ɗuri da ɗamarar da ta yi maka yawa, ka ba ƙungiya ta riƙa ara wa sababbi da yara. Takardar zangon kuma ka bar wa darakta kwafi mai tsabta, da zanen inda kowane faranti yake da nisansa, don a iya sake kafa shi baɗi a watan da ya rasu.