Idan sunaye suka koma ???? a MySQL

Masu rijistar alhazai a Makka da Jidda sun san wannan: ka rubuta suna da Larabci, ko mai ƙ, ɗ, ɓ, a MySQL (manhajar rumbun adana bayanai), sai ya fito da alamun tambaya. Yawanci latin1, wani tsarin adana haruffa, shi ne sanadi, domin ba ya ɗauke da waɗannan haruffa, kuma shi ne tsarin asali a MySQL 5.7.

1. Fara kwafe rumbun da mysqldump, umarnin ɗaukar kwafin ajiya. Kada ka tsallake wannan.

2. Rubuta SHOW CREATE TABLE alhazai (alhazai shi ne sunan teburin a wannan misalin). Ka duba CHARSET, wato tsarin haruffan teburin.

3. In latin1 ne, mayar da shi utf8mb4, tsarin da ke ɗauke da waɗannan haruffa (amma karanta gargaɗin da ke ƙasa tukuna): ALTER TABLE alhazai CONVERT TO CHARACTER SET utf8mb4;

4. Gyara mahaɗar manhajarka ma, da SET NAMES utf8mb4, in ba haka ba gobe matsalar ta dawo.

Amma a lura. Abin da aka riga aka adana a matsayin ???? ya tafi, sai an sake shigar da shi daga fasfo. In kuwa shirme irin Ù…Ø kake gani, bayanan suna nan, karatun ne ya karkace. Kada ka yi mataki na 3 a nan, zai daskarar da ɓarnar. Mayar da ginshiƙin sunayen zuwa BLOB (nau'in da ke adana bayanai yadda suke, ba tare da tsarin haruffa ba) tukuna, sannan zuwa utf8mb4.