Yadda Za Ka Tsinci Tsofaffin Kayan Katun a Gwanjon Sakkwato

Da farko, ƙulla zumunci da mai dila guda a Tsohuwar Kasuwa. Ce masa, "Alhaji, ranar da za ka fasa dilar yara, kira ni." Ka yi sammako ranar, domin kafin hantsi masu sari sun kwashe na kirki.

Daga nan sai tono. Riguna, jakunkunan makaranta, zanen gado da 'yartsana, duk ka ɗaga. Idan ka ga Mickey Mouse ko Tom da Jerry, kada zanen ya ruɗe ka, juya ka karanta tambarin wuya ko ƙananan rubutun da ke ƙasan hoton. Wannan matakin na fi ba muhimmanci. In an rubuta Walt Disney Productions, tsohon sunan kamfanin da ya yi Mickey Mouse, alama ce mai kyau cewa kayan tsoho ne, domin a 1986 kamfanin ya bar wannan suna. Duba kuma kalmasar hannun riga: tsofaffin rigunan Amurka galibi layin ɗinki ɗaya gare su, na yanzu biyu. Shafa zanen da yatsa. Tsohon fenti yakan yi ƙananan tsage-tsage, sabo kuwa santsi kamar leda.

Sai ciniki. Haɗa abin da kake so da wasu kaya biyu ko uku, ka taya gaba ɗaya.

A gida, juya rigar ciki waje, ka wanke da hannu a ruwan sanyi, ka shanya a inuwa. Ranar Sakkwato ta taɓa koɗar mini da riga a wuni biyu, har yau ina jin takaicinta.